Ranar da Mota Ta Ɗauki Zafi a Hanyar Katagum

Motar gidanmu tsohuwa ce, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Maigidana ya saye ta hannu na biyu tun yaranmu suna ƙanana, lokacin yana aikin malamin gona, yana zagaya ƙauyukan Itas da Gamawa yana duba gonakin mutane. Ba bakanike ba ne, amma mutum ne mai son ganin cikin abu. Idan ya kai ta gareji ba ya tafiya ya bar ta, tsayawa yake a kan mai gyara yana tambaya har a gaji da shi. A haka ya san motar kamar yunwar cikinsa. Ni kuwa iyakata da ita in shiga in zauna, in riƙa cewa a rage gudu.

Sai ciwon ido ya same shi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe a hankali, mutum bai ankara ba. Muka yi ta ɗiga magani, muka je Kano muka dawo. Ganin ya yi ta tsukewa har ya zamana haske da duhu kawai yake bambancewa, sai inuwar mutum idan ya gifta ta gabansa. Ranar da ya miƙo mini makullin motar bai yi dogon bayani ba.

"Malama, ajiye wannan a wajenki," ya ce.

Malama yake kirana saboda koyarwa nake yi a firamare, ni kuma Malam nake ce masa, kamar yadda duk unguwa ke ce masa.

Motar ta daɗe a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, kaji suna kwana a inuwarta. Da na ga zuwa asibiti ya zama wahala, kullum sai an nemo mai Keke, sai na roƙi ƙanena ya koya mini tuƙi. A filin makarantarmu na koya, bayan an tashi yara, ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina. Malam bai hana ni ba, bai kuma taɓa yaba mini ba. Idan na ɗauke shi zuwa asibiti zai zauna a gaba, ya juya fuskarsa ga taga har mu je mu dawo. Fita ma ya daina, sai masallacin ƙofar gida, shi ma bin bango yake da hannu don kada a ja shi. Motar da a da ba ya iya wucewa bai shafa ta ba, yanzu kewaye ta yake yi.

Ɗanmu na fari yana aiki a asibiti a garin Katagum, a can kuma ya yi aure. A farkon kakar wata shekara matarsa ta haifi namiji. Da na kawo maganar tafiya suna, Malam ya ce, "Ki je ki wakilce ni." Na san dalili. Ba ya son a riƙe masa hannu a gaban surukai. Ban ja da shi ba, na dai goge babbar rigarsa fara na rataye a ƙofar ɗaki.

Ranar jajibirin suna da hantsi ina cikin loda kaya a but ɗin bayan mota, shinkafa da turamen atamfa da tukwane da wuƙaƙen girki, sai na ji ƙarar takalmi a bayana. Na juya na gan shi cikin rigar, har da hula.

"Kin duba ruwa da baƙin mai?"

"Na duba. Na cika ruwan da kaina."

"To mu je."

Muka fita daga Azare rana ta fara ɗagawa. Wanda ya san zafin kaka ya san irinsa, zafi ne mai danshi da ke sa riga ta manne a baya. An yanke gero an kwantar, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Ina tuƙi ina ba shi labarin abin da nake gani, yana amsawa da "uhm" kawai. Mun yi nisa, mun wuce rabin hanya, sai na ga ya ɗago kai kamar mai sauraren kiran sallah daga nesa.

"Allurar zafi tana ina?"

Na duba. Allurar da kullum ke zaune a tsakiya ta hau, tana gab da taɓa ja.

"Ta kusa ja, Malam."

"Na ji warin tsatsa. Ƙarar injin ma ta sauya. Sauka gefe, ki nemi inuwa. Kada ki taka birki da ƙarfi."

Wata tsamiya ce a bakin hanya, na gangara ƙarƙashinta na kashe mota. Kafin in fito tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na ja ƙarfen buɗewa, na zagaya na ɗaga, zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunyar tuwo. Cikin ruɗewa abin da ya zo mini shi ne a zuba ruwa. Na kai hannu zan murɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan nan da ke gaban inji. Ban san ya fito ya biyo jikin motar ya iso inda nake ba, sai ji na yi an damƙe mini wuyan hannu.

"Kul! Ki bar murfin nan!"

Rabon da in ji ya ɗaga murya haka har na manta. Ya riƙe ni gam. Da ya sake ni sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon da ke damtsensa, wanda na sani tun aurenmu, na ɗauka na ƙunar ƙuruciya ne.

"Wannan murfin lagireto ne ya yi mini, a Udubo, ina saurayi, a motar wani kawuna. Ruwan ciki tafasa yake, murfin ne ya danne shi. Kina buɗewa zai yo tsalle ya wanke miki fuska. Sai ta huce."

"Yaushe za ta huce?"

"Idan ta ga dama. Shimfiɗa mana tabarma."

Muka zauna a gindin tsamiyar. Na ce bari in kira ɗanmu ya turo mana bakanike daga Katagum. Ya ce, "Yana cikin hidima, kada ki tayar masa da hankali. Bari mu fara ganin abin da ya same ta." Mu fara gani, haka ya ce. Na mayar da wayar cikin jaka. Na ɗauko dafaffiyar gyaɗa da na saya a bakin kasuwa, ina ɓare masa ina zuba masa a tafin hannu. Motoci jefi-jefi suna wucewa. Wani mai ɗaukar buhunan gero ya rage gudu ya leƙo ya ce ko a taimaka, Malam ya ɗaga masa hannu ya ce mun gode, hucewa take yi.

Da ya ga an jima sai ya miƙe. Ya cire hula da babbar riga ya ba ni, na ninke na sa a kujerar baya, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Na naɗe masa hannuwanta har gwiwar hannu. Ya ɗora bayan hannunsa a kan lagireto, ya ɗauke, ya sake ɗorawa ya bari.

"Yanzu. Ba ni tsumma."

Ya rufe murfin da tsumma, ya murɗa rabi, muka ji wani siririn huci ya fita ya mutu, sannan ya ƙarasa buɗewa.

"Leƙa. Kina ganin ruwa?"

"Babu. Sai ƙarafuna a bushe, ja-ja da tsatsa."

"To ruwan da kika cika da safe ya tafi wani wuri. Ko dai tafasa ya yi ya ƙone saboda fanka ba ta juyawa, ko yoyo take yi. Ni fanka nake zargi. Ta taɓa yi mini haka, fiyus ɗinta ya ƙone. Je ki murɗa makulli, amma kada ki tayar."

Na murɗa. Nan take fankar ta kama juyi da ƙara, domin injin da sauran ɗuminsa. Na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Na yi mata ƙazafi. Kashe."

Daga nan fuskarsa ta sauya. Ya lalubo sandar nan ta awon baƙin mai, ya zaro, ya miƙo mini. Ya ce in goge ta, in mayar, in sake zarowa, in faɗa masa launin abin da ke jiki, kada in rage kada in ƙara.

"Baƙi ne."

"Baƙi sosai? Ba ya kama da shayi mai madara?"

Na ɗaga ta ga haske na duba da kyau. "Baƙi ne wuluk, yana ɗan sheƙi."

Ya sa na buɗe inda ake zuba man na duba cikin murfinsa ko akwai wani fari kamar kindirmo. Babu. Ya tambaye ni ko na lura da farin hayaƙi a bayanmu muna tafiya, na ce ban gani ba. Sai ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Ya bayyana mini cewa akwai wani faifai tsakanin kan inji da gangar jikinsa, gasket ake ce masa. Idan zafi ya ƙona shi ruwa yakan shiga cikin mai, to wannan ba gyaran bakin titi ba ne, sai an jawo mota an sauke kan inji.

Saura yoyo. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, na ga ƙasa ta ɗan jiƙe a wuri ɗaya, amma daga ina ruwan ya sauko, oho. Shi kuma ya zura hannu can ƙasa ta gefen inji, inda famfon da ke zagaya da ruwan yake. Ya girgiza shi ya ji ko yana lilo, ya shafa ƙarƙashinsa, ya sunsuna yatsunsa. A bushe. Ya taɓa bel ɗin da ke juya famfon ya ji yana nan da ƙarfinsa. Ya bi tiyon sama da na ƙasa yana matsawa kamar mai zaɓen mangwaro a kasuwa. Ina tsaye ina kallon hannayen nan. Hannayen da suka daɗe ba su riƙe komai ba sai carbi da cokali, ga su suna shiga lungu suna fita, ba sa ɓata hanya.

"Ba za ta nuna mana a sanyi ba," ya ce. "Wani ramin sai ruwa ya yi zafi ya matsa yake buɗewa. Kawo jarka."

Akwai jarkar ruwa da ba ta rabuwa da but ɗin motar. Na riƙa tsiyayawa a hankali yana sauraren yadda ruwan ke sauka, har ya cika. Ya rufe murfin. Na tayar da inji na dawo gefensa. Ya gargaɗe ni cewa fanka takan tashi da kanta ba sallama, don haka in lura masa da hannu. Na kama gefen rigarsa ta baya na riƙe, duk lokacin da na ga ya doshi fanka ko bel sai in ja, shi kuma ya kauce. Ya riƙa yawo da bayan hannunsa a saman tiyo ba tare da ya taɓa ba. Muka daɗe a haka, babu komai. Sai ya lalubo wayar totur ya ɗan ja, injin ya ɗaga murya.

"Tsaya. Wani abu ya taɓa ni nan. Duba ƙarƙashin hannuna."

Na sunkuya. Da farko ban ga komai ba. Sai hasken da ke ratsowa ta ganyen tsamiya ya faɗa a wurin, na ga wani siririn ruwa kamar zare yana feshi daga ƙarƙashin tiyon sama, daidai inda zoben ƙarfe ya ɗaure shi da wuyan inji. Yana sauka a kan ƙarfe mai zafi yana bushewa nan take. A ƙasansa ga wani dogon zane ja na tsatsa, alamar ya kwana biyu yana yi.

"Na gan shi, Malam! Na gan shi! Ga shi nan gindin zoben!"

Ihu na yi kamar 'yar yarinya. Ya ce, "To ai sai ki kashe motar, kada ki tara mana jama'a." Amma murmushi yake yi.

Muka sake zaman jira ta huce. Lokacin azahar ya yi, muka yi alwala da ɗan ruwan da ya rage a buta, na daidaita shi ga alƙibla, ya ja mu sallah a kan tabarmar.

Gyaran kansa bai yi wuya ba. Na ɗauko sukudireba daga jakar kayan aikinsa, na ɗora masa bakinta a kan kusar zoben, shi ya kwance. Tiyon ya manne da wuyan inji saboda daɗewa, ya yi ta murɗa shi hagu da dama har ya saki, ruwan tsatsa ya zubo ya ɓata masa wando. Ya shafa bakin tiyon da babban yatsa ya sami tsagar, 'yar ƙarama, inda zoben ya ci robar. Ya gwada tsawon tiyon ya ce akwai rara, idan aka yanke wurin da ya lalace zai kai.

"Akwai wuƙa?"

"Akwai ta yankan naman suna."

"Ta fara da wannan."

Ya auna faɗin yatsa biyu ya riƙe, ya ce ni zan yanka, domin yankan yana son ido, dole bakin ya fita daidai. Na ce ina tsoron in yanke shi. Ya ce, "Shekara nawa kina yanka albasa a tafin hannunki?" Na yi bismilla na yanka, yatsunsa suna gefen wuƙar bai ko motsa ba. Na kankare tsatsar da ke wuyan injin da bayan wuƙa, ya tura tiyon ya shige, ya mayar da zoben baya kaɗan inda robar ke da lafiya, ya ɗaure. Ya ce ba a ɗaurewa da mugunta, shi ke sa zobe ya ci roba.

Sai matsalar ruwa. Abin da ya rage a jarka bai kai ko'ina ba. Ina waige-waige sai ga wata Bafillatana ta fito daga cikin dawa da ƙwarya a ka, ta dawo daga tallan nono. Na yi mata sallama na faɗi buƙatarmu, Hausarta ba ta da yawa. Malam kuwa mahaifiyarsa Bafillatana ce, da harshen ya tashi. Ya gaishe ta da Fulatanci, ta saki fuska, suka yi ta musayar gaisuwa, jam, jam, kamar ba za su gama ba. A cikin maganar kalmar ndiyam kaɗai na kama, wato ruwa. Ta ce rugarsu tana bayan gonar nan, akwai rijiya. Na ɗauki jarka na bi ta. Ita ta ja guga, ta kuma ƙi bari in ɗauko, ta aza a ka ta kawo har gindin tsamiya.

Ruwan yana da ɗan laka. Malam ya taɓa ya murza a yatsa ya ce ba za a zuba shi haka ba, zai toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Na ɗauko sabon ɗankwali daga kayan mai jego na shimfiɗa a bakin, na riƙa zubawa yana tacewa. Shi kuma yana matsa tiyo yana saki don iskar da ta maƙale a ciki ta fito, ruwan yana ɓul-ɓul yana sauka, ina ƙarawa, har ya tsaya cak a wuya. Matar tana tsaye tana kallonmu. Ta faɗi wata magana ta rufe baki da hannu tana dariya. Na tambaye shi me ta ce.

"Cewa ta yi tun da take ba ta taɓa ganin mata da miji suna yi wa mota wanka da ɗankwali ba."

Na ba ta sabulu da goro daga cikin kaya, ta zuba mana nono a kofi muka sha. Na tayar da mota muka bar ta tana aiki har ta yi zafi, fanka ta tashi ta kwanta, na leƙa gindin zoben, ko ɗigo babu.

Sauran hanyar a hankali muka yi ta. Bini-bini sai ya ce, "Allura?" in ce, "Tana tsakiya." Daga baya ya daina tambaya, ya koma tambayata yadda dawar wajen take, ko ta yi kai, ko akwai wuta-wuta a gindinta. Da muka kusa kogi ya ce yana jin ƙanshin ruwa, ya ba ni labarin wata shekara da ya zo duba gonakin shinkafa a fadamar, kwalekwale ya kusa kifewa da shi.

Bayan la'asar muka shiga Katagum. Ɗanmu yana ƙofar gidan surukansa, ya yi ta kiran wayata tana cikin jaka ban ji ba. Da ya ga mahaifinsa a gaban mota sai ya tsaya turus, domin an gaya masa ba zai zo ba. Ya zo da sauri ya buɗe ƙofa ya durƙusa. Ya ga wandon da tsatsa, ya ga hannayen baƙi ƙirin.

"Baba, lafiya? Me ya faru?"

"Tiyo ne ya tsage. Mun gyara ni da mahaifiyarka." Ya miƙa masa hannu. "Kama ni mu shiga. Amma a fara ba ni ruwa da sabulu, ba zan ɗauki baƙo da wannan hannun ba."

Sai da aka haɗa da toka kafin baƙin ya fita. Ya mayar da babbar rigarsa, aka shigar da shi, aka ɗora masa jaririn a cinya. Ya yi masa addu'a, sannan ya bi fuskarsa da kan yatsa, goshi, hanci, kunne. Ya ce kunnuwan na gidanmu ne, ba gardama. Kakar yaron ta wajen uwa ta ce ai kuwa sai dai a yi shari'a, aka yi ta dariya. Washegari da safe aka raɗa wa jaririn sunan Malam, shi kuwa bai san da shirin ba. Ya daɗe kansa a sunkuye.

Da muka koma Azare na ce zan kai motar gareji a yi mata gyara na sosai, ya ce tare za mu je. Aka ba shi benci a inuwa, bai zauna ba. Bakaniken ya sa sabon tiyo, ya sauke lagireto ya wanke, laka da tsatsa suka yi ta fita kamar kunun kanwa. Ya duba murfin ya ce robarsa ta mutu, aka sake wani. Ya ba mu shawara mu daina zuba ruwan rijiya zalla, akwai ruwan kanti mai launi da ke hana tsatsa, muka sa aka zuba. Ya ɗaga guntun tsohon tiyon yana juyawa, ya tambayi wanda ya yi yankan. Malam ya nuna inda yake jin muryata. Bakaniken ya ce, "Hajiya, idan kin yi ritaya akwai gurbi a nan."

A hanyar gida ya ce in biya ta kasuwa. Akwai wani abokinsa mai sayar da irin shuka da maganin feshi, tun da idon ya tafi bai neme shi ba. Na tsaya a ƙofar rumfar, mutumin ya fito da gudu ya rungume shi. Malam ya juyo wajen taga ya ce in je in yi cefanena, kada in yi sauri, hirarsu doguwa ce.